Munzali Kar-a-Kashe

Idan ka shigo Daura kana cigiyar Munzali, za a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Munzali Kar-a-Kashe, ko mai facin bakin tasha zai nuna maka layinmu. Shagonsa na jikin nawa: ni ina ɗinki, shi yana gyaran kwamfuta. Taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar babana ce, saboda haka ina da izinin tsokanarsa har ranar da ɗayanmu zai riga ɗaya.

A Zango aka haife shi. Aikinsa na farko a wani gidan kallo ne, shi ke saka kaset, shi ke bugun gefen talabijin idan ta fara ruwa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, mai gidan ya ce shi ya tuba, ya kwashe bencunan ya zuba buhunan gero. Munzali ya tafi Kano koyon gyara, ya dawo da jakar sukudireba da wata ɗabi'a da har yau ba ta sake shi ba. Duk wanda ya kira shi ya ce kwamfuta ta rikice, kafin ya amsa gaisuwa zai ce, "Kar a kashe, ga ni nan." Matarsa ta ce ko fitila za ta kashe a gida sai ta saci idonsa.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Tela, kai idan kana tsakiyar lissafin yadin mutum aka kwaɗa maka mari, za ka tuna inda ka tsaya?"

Na ce, "Zan tuna wanda ya mare ni."

Ya ce to ita kwamfuta ko wannan ba ta tunawa. Abin da aka adana yana nan, amma abin da take riƙe da shi a ka a daidai wannan lokacin, da an ɗauke mata wuta ya tafi.

A ɗaya gefen shagona akwai Alhaji Mainasara mai hoto. Shekara da shekaru babu biki ko suna a unguwarmu da bai ɗauka ba. Duk hotunan da bidiyoyin suna cikin wata tsohuwar kwamfuta mai tari kamar akuya, shi kuma ya ƙi koyon sabuwa. Da ta kusa cikawa, Munzali ya yi masa dabara. Ya kwashe tsohuwar ɗungurungum, da tsarinta da halinta, ya zaunar da ita a cikin sabuwa. Ka kunna ta waje, sai ta cikin ta tashi a cikin allo kamar ba abin da ya same ta. Munzali na kiran ta waje mai gida, ta ciki kuma 'yar haya.

Mai gida ba ta da kulle. 'Yar haya kuwa Alhaji ya garƙame ta da lambar sirri, bai faɗa wa kowa ba. Ya ce matan mutane ne a ciki cikin kwalliyar biki, amana ce. Munzali ya sha roƙonsa ya bari ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yar haya tana buɗe, wato a kwafe duk abin da ke kanta tana cikin aiki, a ajiye a wurin mai gida, yadda ko an kashe za a iya tayar da ita daidai inda ta tsaya. Alhaji ya ce, "Wato ka yi wa ƙofata mabuɗi na biyu ke nan. A'a, Munzali."

Wata Talata da hantsi Alhaji ya buɗe shago, ya tayar da janareta, ya zauna aiki. Can ya leƙo ya ce mini ƙirjinsa ya riƙe. Muka kai shi gida. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta.

Muna shigowa layi Munzali ya tsaya cak ya kama hannuna. "Kana jin abin da nake ji?"

Janaretan Alhaji ne, yana ta aiki. A cikin ruɗewar safiya babu wanda ya tuna da shi. Ma'ana 'yar haya tana nan a buɗe yadda mai ita ya bar ta, lambar kuma mun baro ta a ƙarƙashin ƙasa.

Ba mu kaɗai muka ji ba. Ga Malam Audi, yayan marigayi, yana tafe da sabon kwaɗo a hannu. Malami ne mai tsoron haƙƙi, irin wanda idan ya ari allura sai ya dawo da ita da zarenta. Ya nufi janareta kai tsaye.

"Kar a kashe!" in ji Munzali. A ranar ce kaɗai na ji ya faɗi wannan magana ban yi dariya ba.

Malam ya juyo. "Munzali, tun da rai ya fita, duk abin da ke shagon nan na magada ne. Man da ke ƙonewa ɗin nan, akwai rabon marayu a ciki. Ba zan tsaya a gaban Allah in ce ina kallo ba."

Munzali ya durƙusa ya fara bayanin mai gida da 'yar haya. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce bai san ƙaninsa ya ba da haya ba. Na kawar da kai na yi kamar ina duba ɗinkin hulata.

Sai ga Zinariya, babbar 'yar Alhaji, malamar makaranta a garin Babban Mutum. Motar da ta ɗauko ta ba ta iso ba sai bayan an fita da gawa, ta biyo ta shagon kafin ta ƙarasa gida. Mahaifiyarta Madina ta rasu tana goye. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Baffa, bidiyon sunana yana ciki. Baba ya ce Inna ta yi magana a ciki har da dariya. Kullum sai ya ce zai fitar mini idan ya samu sarari. Ni ban san muryarta ba."

Malam bai ɗauke hannunsa daga jikin janareta ba. Ya ce, "Zinariya, ba ke kaɗai ce magajiya ba. Ƙannenki ba su isa a nemi yafiyarsu ba."

Munzali ya tashi. Ya je gindin babur ɗinsa, ya cire tiyon mai, ya tara galan har tankin ya daina ɗiga. Ya kawo ya ajiye a gaban Malam. "Allah ya gafarta Malam, ga madadin abin da zai ƙone. Ba zan fitar da ko tsinke ba. Hoton ƙwaƙwalwar 'yar haya kawai zan ɗauka, a cikin kwamfutar zai zauna, a kulle shi tare da sauran kayan gado."

Malam ya ɗaga galan ya jijjiga. "Zuwa kiran la'asar. Kuma a gabana."

Muka shiga. Kafin Munzali ya kalli allo sai ya ce in kawo masa ƙyalle. Na kawo ragowar shadda, ya rufe ɓangaren da 'yar haya take, ya bar gefen da zai yi aiki kawai. Na ce, "Ka ga ango ya rufe amarya." Ya ce, "Tela, yi wa Allah ka riƙe bakinka da wayar nan, tana motsi."

Haka na zauna riƙe da soket kamar mai riƙe jariri. Aikin kansa ba abin kallo ba ne. Ya danna wasu wurare, wani koren layi ya fito yana rarrafe. 'Yar haya na ta harkarta a bayan shadda, ba ta ma san ana kwafe mata kai ba. Ya ce ba ya son ko dakatar da ita, tsohuwa ce, ba a san abin da za ta yi ba idan aka taɓa ta. Janareta ya yi tari, dukanmu muka yi salati, ya ci gaba. Malam na jan carbi, ido ɗaya a kan layin. Can ya ce, "Wannan abu ba ya sauri ne?" Na ce, "Malam, jinin Munzali ne, ko ɗaurin aurensa sai da aka jira shi."

Layin ya kai ƙarshe ladan bai ko gyara murya ba. Munzali ya duba, ya sake dubawa, sannan ya miƙe. Shi da kansa ya je ya kashe janaretan. Malam ya sa kwaɗo. Ni na raka shi gida yana turin babur, ina gaishe shi da tafiya a kowace kwana.

Sai dai ba a san ko hoton ya yi ba sai an tayar da shi, shagon kuma a rufe yake har a yi rabo. Munzali ya rame a tsakanin nan. Kullum da safe sai ya tsaya ya kalli kwaɗon kamar mai jiran a sallamo ɗan'uwansa daga asibiti.

Bayan sadakar arba'in aka raba gado. Zinariya ta ce ita kwamfutar take so, aka sa ta a rabonta. Ranar Asabar da hantsi aka buɗe shago. Munzali ya kunna mai gida, ya nemo hoton, ya ce bismillah. Shaddata na nan inda ya bar ta. Muka ji 'yar haya ta yi ɗan kukan da take yi idan ta tashi. Ya ɗaga gefen ƙyallen kaɗan, ya ga ba ta tambayi lamba ba, ya saki. Ya nuna wa Zinariya inda za ta rubuta shekarar haihuwarta ta nema, ya ce sauran na mutane ne, ta san yadda babanta ya riƙe su. Sannan ya ja ni da Malam waje ya turo ƙofa.

Muka zauna a bencina. An ɗan jima sai guɗa ta taso ta cikin bango, da hayaniyar mata, sai wata murya siririya tana cewa a kawar da wannan abu daga fuskarta ba ta gama ɗaurin kallabi ba, ta fashe da dariya.

Malam Audi ya daina jan carbi. Ya ce, "Madina ce." Ya goge ido da bakin rawani.

Muka ji an mayar da wurin baya, dariyar ta sake fitowa. Aka sake mayarwa. Munzali ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Janareta na ta ƙugi a gefe, man yanzu na Zinariya ne. Malam ya dubi janaretan, ya dubi ƙofar, ya gyara zama ya ce mini in akwai shayi a sa masa.