Ɓarawo Mai Sauya Riga

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi komai da tsarinsa. A ci tuwo, a wanke hannu, sannan a zauna gaban murhu kafin garwashi ya mutu. Sai Iya, kakarmu ta wajen uba, ta gyara zani ta ce mu matso.

Akwai tatsuniya guda da ba na so, domin ba ta da ƙarshe. Wani ɓarawo ne ya shiga gari da jar riga. Masu gadi suka gane rigar, suka bi shi har suka kusa kama shi, sai ya faɗa lungu ya fito da baƙa. Suka koma neman mai baƙa, ya fito da shuɗiya. Haka dai har masu gadi suka gaji, barci ya kwashe su a tsaye. Nan Iya take yin shiru.

Wata rana na ce masu gadin ragwaye ne, a kore su. Ba ta yi dariyar da ta saba ba.

"Maigidana, iya bakinka. Sun yi gudu har suka faɗi, kai kana zaune."

Ranar ta ba mu labarin yayanta. A ƙauyensu na bakin rafi ƙudan tsando ya cije shi. Zazzaɓi ya zo, ya tafi, a ce ya warke, ya dawo. Daga baya yakan yi barci a gona da fartanya a hannu. Mahaifinsu ya doke shi, mutanen gari suka sa masa suna Rago, kuma da sunan aka binne shi.

Iya ta daɗe da rasuwa kafin Sista Ngozi, ma'aikaciyar jinya, maƙwabciyarmu a Tarauni, ta yi min bayanin ciwon barci. Da farko sojojin jini su gane fatar ƙwayar cutar, su kashe mafi yawa, zazzaɓi ya sauka. Sannan kaɗan da suka sauya fata su hayayyafa, yaƙi ya koma sabo. Daga ƙarshe cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Sista ta ce yanzu akwai magani.

Iya ba ta san wannan ba. Zazzaɓin kawai ta gani yana kai-komo, ta ƙi yarda yayanta bai yi faɗa ba.

Har yau idan dangi suna ambaton magabata suka ce Rago, nakan tsayar da maganar. In ce sunansa Haruna, sannan a ci gaba.