Fitilar Shiru a Ƙofar Ɗaki

A rumfar mai gyaran rediyo, cikin kasuwar Diffa, wani dattijo na zaune kusa da mai rumfar, yatsunsa duk ƙunar dalma. Ya huda gwangwanin madara, ya sa ƙwan fitila a ciki, ya rufe da jar leda, ya rubuta SHIRU. Yana haɗa waya, fitila na kamawa, fuskarsa na yin ja. Da gani tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne.

Na ce, "Baba, na mene ne?"

"Na ƙofar ɗakina, ɗana. Na haɗa 'yar tashar rediyo, kowace la'asar ina kiran sunayen mutanenmu da suka ɓace a bakin kogin Komadugu. Sai matata Zalika ta shigo da surutu, in kasa jin amsa."

Da ya tafi, mai gyara ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "In ya tashi kiran waɗanda suka ɓace, da sunanta yake farawa."