Kawu Mai Tare Jirage

Jiya wani jirgin ruwa ya sauko daga wajen Gao, aka kwashe kayansa, ba wanda ya tambayi matuƙin komi. Sai na tuna Kawu.

Shi Kawu, jirgi ba ya wuce bakin kogin Malanville bai tare shi ba. Yakan miƙa goro, ya yi tambaya da Zabarmanci: ina ruwa ya kai can sama, me makiyaya ke ciki? Na zauna Kwatano, na zauna Kumasi, ban ga mai jin labarin kogi daga bakin baƙi kamarsa ba.

A shekarun fari, zamanin soja, maƙwabta suka zuba irinsu duka a fadama, suna jiran cikowar kogi. Kawu ya dawo daga bakin ruwa, rigarsa na warin busasshen kifi, ya raba irin shinkafarmu biyu da ƙwarya.

Na ce, "Kawu, wannan rabin fa?"

"Garin Guéné za shi, can tudu wurin innarka, a musanya da gero a shuka can. Fulanin sama na sayar da shanu masu ciki, ɗana. Wanda ya rabu da saniya mai ciki ya ga abin da bai iso mana ba tukuna."

Kogin ya janye tun shinkafa ba ta yi ido ba. Geron nan muka ci, mu da maƙwabta.

Yau duk waɗanda muka ci tare sun tafi, ba wanda zan ce wa "ka tuna?" Allah ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga kogin da ba ya janyewa.