Farar safar Madam Asabe

"Rufe idonki, Rifkatu. Duk inda kika ji auduga ta taɓa, nuna mini."

Malam Bitrus ke nan, ma'aikacin asibitin mishan. Na nuna kumatu, na nuna wuya. Sai na ji shiru, ina jira ya ci gaba. Ashe ya daɗe yana goga audugar a kan wani farin tabo da ke damtsena. Kukan Mama ne ya gaya mini sakamakon.

Kuturta. Shekarata goma sha biyu, ina firamare a Kafanchan, cikin shekarun 1950.

Kusan shekara saba'in ban faɗi kalmar nan a kaina ba. Na yi jami'a, na koyar, na yi ritaya. Mijina ya rasu yana zaton tabon damtsena ƙunar ruwan zafi ce. Ku da kuke bina a shafin nan don hotunan furanni, yau sai ku yi haƙuri.

Kafin asibiti, akuyoyin Baba biyu sun tafi wurin mai magani a Fadan Kagoma. Ya shafa mini wani abu, ya ƙone fatar, cutar kuwa ko gezau.

A gida aka ware mini kwano da moɗa. A majami'a aka ware mini gindin mangwaro. Makaranta ta ce in huta tukuna.

Aka kwantar da ni a unguwar masu irin ciwona, bayan asibitin. Ranar shan ƙwaya mu yi layi, Malam Bitrus ya ce, "Buɗe baki in gani," don wasu na ɓoyewa a ƙarƙashin harshe. Lokaci-lokaci a tsaga fatar kunne a duba. Kullum da safe sai na ƙirga yatsuna. Tsorona ke nan.

A nan na san Madam Asabe.

Ba wanda bai san ta ba a Kafanchan. Ta fara da tallan citta a tasha, ta kai ga cika taragon jirgi da ita. Ita ta rufa wa makarantarmu kwano, ita ke biya wa marayu kuɗin makaranta, ita ke zama a gaba a kowane taro. Duk ƙarshen wata takan zo mana a mota da barguna da sabulu da gishiri, mu jeru mu yi mata waƙar godiya.

Kuma kullum hannunta na cikin farar safa, irin ta matan Turawa.

Na tsani safar nan. Wata tsohuwa a layinmu takan ce, "Ku matsa, ga mai ƙaunarmu daga nesa." Mu yi dariya, mu karɓi bargon.

Bayan shekara biyu aka ba ni takarda: ba na iya sa wa kowa cutar. Yatsuna goma cif.

Na ɗauka an gama. Hedimasta ya karanta takardar ba tare da ya taɓa ta ba.

"Ni ban ƙi ba," ya ce da Baba. "Amma iyaye za su kwashe 'ya'yansu."

Ni kuwa ban da makaranta ba abin da nake so a duniya.

Baba, leburan jirgin ƙasa ne, ya sa rigar Lahadi ya kai ni gidan Madam, don tana cikin kwamitin makarantar. Ta ce ya jira a waje.

"Ke ce mai hararata a layi," ta ce. "Zo nan, 'yata."

Ta cire safar hagu. Yatsu biyu sun lanƙwashe, ɗaya ya gajarce.

"Tawa ƙwayar, Malam Bitrus ne ke kawo mini ita gida, cikin gwangwanin shayi."

Na ce, "To, Mama, ki nuna musu mana! In sun ga ke ma…"

Ta yi murmushi. "In na cire wannan a gabansu, ko kwanon da na rufa musu sai sun wanke. Wa zai sayi cittar kuturwa? In ba a saya ba, wa zai kai muku bargo?"

Ta miƙo mini wasiƙa zuwa wata makarantar kwana mai nisa, inda ba a san ni ba, da riguna biyu masu dogon hannu. An riga an ɗinka su, daidai jikina.

Haka na yi karatu. Haka kuma na rasa gida. Mahaifiyata ta rasu ina can, sai wasiƙa na gani.

Madam Asabe ta daɗe da rasuwa, ba ta bar ɗa ba. An ce da safarta aka binne ta. Har yau ban san ko tsoro ne ko dabara ba. Ni ma dai shekara saba'in na yi cikin dogon hannu, ba ni da bakin yi mata shari'a.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa Malam Bitrus, wanda yake kama hannunmu da hannunsa. Na gode wa Madam.

Ku kuma, in kun ga tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, ku tafi asibiti, kada ku jira. Ana warkewa. Ku sha maganin har ƙarshe. Wanda ya warke kuma, ku ci tuwo da shi a kwano ɗaya. Wannan ne maganin da ba a ba mu ba.

Ranar nan a gidan Madam, da na kai bakin ƙofa, sai ta kira ni.

"Rifkatu. Ba ki ga komai ba."

"Ban ga komai ba, Mama."

Na juyo, tana ta fama da safar, yatsun sun ƙi shiga. Na so in koma in taya ta. Ta ɗaga kai ta ce, "Ja mini ƙofar."

Na ja. Na rungume riguna, na tafi wurin Baba.