Idon Manong Santo da Akwatin Hawa na Tara

Crisanto Magbanua mutumin Iloilo ne, ɗan masunci, amma bai gaji su ba. Yana da shekara ashirin da bakwai ya samu aiki a jirgin ruwa, irin manyan nan masu hawa goma sha biyar da masu hali ke shiga su yi mako guda suna ci suna miƙe ƙafa suna kallon teku. Daga ranar har ya kai hamsin da huɗu sana'arsa ɗaya ce, dakon akwatunan mutane. Ya shigo da su ranar tashi, ya fitar da su ranar sauka, a tsakani kuma goge-goge da kwasar zannuwan gado. 'Ya'yansa uku duk ta waya ya ji labarin haihuwarsu. Abokan aiki Manong Santo suke ce masa, wato yaya, don babu wanda ya kai shi daɗewa.

Tsarin sauka ba ya canzawa. Ana gobe za a iso, kowane fasinja zai tarar da 'yan takardu masu launi a kan gadonsa. Ya ɗaura wa akwatinsa a hannu, ya fito da shi ƙofar ɗaki kafin ya kwanta. Ja ta masu sammako ce, kore ta masu bi musu, ruwan ƙasa ta waɗanda za a wuce da kayansu filin jirgin sama kai tsaye, shunayya kuwa ta marasa gaggawa, su ne ƙarshen fita. Ana kuma ja wa kowa kunne kada ya sa fasfo, ko magani, ko kayan da zai sa gobe a cikin akwatin. Duk da haka kowace tafiya sai an samu wanda ya wayi gari daga shi sai rigar barci. Su Crisanto ne ke bin lunguna suna kwashe akwatunan, su rarraba su cikin kejin ƙarfe launi-launi, da asuba a sauke kejin zuwa babban zauren kaya na tasha, inda kowa zai je layin launinsa ya ɗauki nasa bayan ya wuce jami'an shige da fice.

Shekara biyu ke nan da idonsa ya fara cin amanarsa. Da farko fitilu ne suka riƙa yi masa zobe. Daga baya duniya ta koma kamar yana kallonta ta gilashin da ya sha hayaƙi. Yanar ido ce, ya sani sarai, don ita ta zaunar da mahaifinsa. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Remedios. A gwajin likita na Manila, yana cikin layi ya haddace haruffan allo daga bakin waɗanda ke gabansa. Autarsu Marisol na shekarar ƙarshe a makarantar jinya, kuma a shekarunsa duk wanda ya tsallake kwantiragi ɗaya ya sallama, ba a sake kiransa. Sai ya koyi dabaru. Yakan kai takardar akwati dab da hanci kamar mai duba ƙulli. Yakan manne wa Sugeng, wani ɗan Java mai yawan barkwanci da suke aiki hawa ɗaya, ya bar shi ya fara jefa akwati a keji, shi kuma ya bi sahu.

A wannan tafiyar ma'aikata biyu suka kwanta zazzaɓi, aka ɗauke Sugeng aka kai shi hawa na sha ɗaya. Crisanto ya kwashe kayan hawa na tara shi kaɗai, cikin fitilun lungu masu dishi-dishi, yana addu'a a kan kowane akwati.

Gari ya waye jirgi na ɗaure a Singapore. Lasifika ta kira ja, ta kira kore, mutane dubu uku suka riƙa kwarara ta gadar sauka da jakunkunan hannu. Ƙarfe goma an kira shunayya. Crisanto na zauren kaya yana taya wasu tura kura, zuciyarsa ta fara kwanciya, sai ya hango Leonida, shugabar sashensu, tana tahowa da oba-oba a hannu, takunta kaɗai ya isa ya gaya masa ba lafiya ba.

"Manong, kai ka yi hawa na tara ko?"

"Ni ne, Madam Nida."

"Biyo ni."

A bakin gadar, ta cikin jirgi, wata tsohuwa 'yar Medan mai suna Madam Oei na tsaye tana murza hannu. Mijinta na kan keken marasa lafiya, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓensa ya bushe. Tsohon ne jiya ya tura ƙaramar jakarsu cikin babban akwati don kada ta ɓace. A cikinta akwai fasfonsu biyu da allurarsa ta ciwon suga. Ba fasfo, ba fita. Kuma muddin akwai fasinja ko ɗaya a ciki, ba za a buɗe wa sababbi dubu uku da suka cika tasha ƙofa ba. Likitan jirgi ya ba shi abin da zai riƙe shi, ya ce amma irin tasa allurar ita ce daidai, a gaggauta.

"An duba layin shunayya sau uku," in ji Leonida. "Babu shi. Kuma akwai wasu mutum huɗu a zauren suna neman nasu, duk 'yan hawa na tara."

Tsohuwar ta kama hannun rigar Crisanto tana ce masa Pak, wato malam a yarensu. "Pak, akwatin baƙi ne, babba. Hannunsa ya karye, na naɗe shi da ƙyalle. Don Allah, Pak. Shekara hamsin da aurenmu, yara ne suka ce mu zo mu huta. Dubi yadda ya koma."

Crisanto ya tuna hannun nan mai ƙyalle, tafinsa ya tuna shi. Ya tuna ya kai takardar dab da ido, ya ga wani launi mai duhu, ya yi shahada ya jefa a keji na uku. Keji na uku na ruwan ƙasa ne. Motar filin jirgi kuwa goma da rabi take tashi.

"Wataƙila ya faɗa cikin kore," in ji Leonida. "Je ka duba can."

Hanya ce ta buɗe masa. Zai iya zuwa layin kore ya yi ta lalube har motar ta tafi, a ce kuskuren 'yan tasha ne, zuwa yamma a gano akwatin a filin jirgi, babu mai ɗora masa. Ya yi taku biyu. Tsohon ya yi wani nishi a bayansa, matar ta durƙusa tana kiran sunansa.

Ya juyo. "Ba ya cikin kore. Yana motar filin jirgi."

"Me zai kai shunayya can?"

"Ni na sa shi."

"Manong, shekara ashirin da bakwai kana aikin nan..."

"Ba na gani, Nida. Ba na bambance su. Shekara biyu ke nan."

Ta dubi agogo. Goma da ashirin da huɗu. Ta danna oba-oba tana kiran 'yan tasha, ba a amsa ba. Crisanto bai jira ba. Ya sheƙa ta ƙofar ma'aikata, ya gangara matakala yana laluben ƙarfen gefe, ya yi tuntuɓe ya daki gwiwa, ya tashi. Hasken waje ya watsu a idonsa kamar an zuba masa madara. Motoci uku ne a jere, bai iya karanta ko ɗaya ba. Ya bi ƙarar wadda aka tayar, ya sha gabanta ya ware hannuwa.

Direban, wani dattijo mai furfura, ya leƙo. "Kai! Mutuwa kake nema ka rasa inda za ka same ta sai a gaban motata?"

"Kawu, don girman Allah ka buɗe baya. Maganin mutum na ciki."

"Ina takarda? Ni ba na buɗe mota da baki. Jirgin sama ba ya jiran kowa."

"Kawu, sai dai ka bi ta kaina."

Suna cikin haka Sugeng ya iso yana haki, Leonida ta turo shi da jami'in tasha. Aka buɗe. Akwatuna sun fi ɗari biyu, an jibge su har rufi, rabinsu baƙaƙe. Crisanto ya haye ya tsaya, duk takardun sun zame masa launi ɗaya.

"Tsoho, ashe shi ya sa ka liƙe mini kamar kaska," in ji Sugeng. "Ni ina ta murna, na ɗauka kyauna ne ya ruɗe ka. Matsa, kai jawo, ni in duba."

Haka suka yi. Crisanto na fizgo akwati yana miƙawa, Sugeng na cewa ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, direba na ƙasa yana danna ham. Gumi ya shiga idonsa, jini na bin ƙwaurinsa, bayansa kamar zai tsage. Shunayya ta farko ta fito, ta biyu ta fito, babu mai ƙyalle. Ya cusa hannu can ƙasan tsibin har kafaɗa yana shafa hannayen akwatuna ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Ubangiji ka taimake ni, Ubangiji ka taimake ni. Yatsunsa suka taɓa ƙyalle.

Bai yarda an ɗora shi a kura ba. A ka ya ɗauke shi har bakin gada. Madam Oei ta zuge akwatin a ƙasa, kayansu suka watse, ta zaro jakar tana kuka. Likita ya yi wa tsohon allura. Bayan minti ashirin aka tura shi waje, matar na ta yi wa Crisanto godiya tana sa masa albarka, don babu wanda ya gaya mata wanda ya jefa akwatin inda ya shiga. An makara da shigar sababbin fasinjoji kusan awa ɗaya.

Da rana Leonida ta kira shi ofis.

"Da akwati ɗaya ne, Manong, da na san yadda zan rubuta. Biyar ne. Kuma kyaftin ya tambaya."

"Ki bar ni in ƙarasa wata huɗun nan. Ki mai da ni wanki, ko wanke-wanke, ko goge banɗaki. Ba zan taɓa akwati ba. Yarinyar saura kaɗan ta gama."

"Ba a hannuna yake ba."

Ya durƙusa a gabanta, mutumin da ya girme ta da shekara ashirin. Ta tashi da sauri ta ɗaga shi, ita ma idonta ya kawo ruwa. Kwana biyu bayan haka aka sa shi a jirgin sama zuwa Manila.

An yi masa aikin idon dama a Iloilo, ya warke tas, na hagu yana jiran layi. Marisol ta jingine karatu zango ɗaya, tana aiki a kantin magani. Shi kuwa yanzu a bakin tashar kwale-kwalen da ke zuwa tsibirin Guimaras ake samunsa, yana sauke kwandunan mangwaro tare da samari sa'annin 'ya'yansa. Duk Litinin yakan sa farar riga ya buga wa ofishin ɗaukar ma'aikatan jirgi waya. Remedios kan tsaya a ƙofar kicin har ya gama.

"Me suka ce?"

"Wai in sake kira wata mai zuwa."

Sai ya cire rigar ya rataye, ya ɗauki tsumman kafaɗarsa ya fita.