Anga Ka Canza

A shekarar 2013 ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina karatun shari'a da tallafin wani attajirin garinmu, mutumin da ba ya haɗa addini da wasa. Ni ɗan tudu ne, a garinmu ruwa sai na rijiya da na kududdufi, amma sai ga ni ina aiki a jirgin ruwa. Wani maƙwabcinmu Bamisire ne ya haɗa ni da mai jirgin yawon shaƙatawa a unguwar Ma'adi, irin wanda iyalai ke hayarsa a shiga tsakiyar Nilu a kashe inji a ci abinci, a saki kiɗa, wasu har su taka rawa. Aikina shara da riƙon igiya da jefa ƙarfen da ke tsayar da jirgi, wanda Misirawa ke kira hilb. Na san in labarin kiɗan nan ya isa kunnen mai ɗaukar nauyina, karatuna ya ƙare. Don haka a cikin ɗalibai mutum ɗaya na gaya wa, abokin ɗakina, ɗan Yauri da ya tashi a bakin ruwa. Shi ne aminina, tare muke cin abinci a kwano ɗaya.

A lokacin gari ba tsaro, sai aka sace mana tsohon ƙarfen, wani ƙato mai sarƙa wanda kullum yake karya mini baya. Mai jirgi ya aike ni in sayo wani. Mai shagon ya tambaye ni tsawon jirgin, da yawan mutanen da yake ɗauka, da ko ƙasan wurin laka ce ko dutse. Ni kuwa bayana kawai nake tunani. Na ce masa jirgin ƙarami ne, na zaɓi wani ɗan ƙarami mara nauyi mai ƙugiya huɗu, ba ko sarƙa, na ɗaura masa igiya. Mai jirgi ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya taɓe baki, ya ce tamam, shi ke nan, tunda ni zan riƙa ja.

Wata rana na gayyaci aminina ya ga wurin aikina. Tunda ya hau na lura ba ya dariya. Ya zagaya jirgin, ya leƙa ruwa, ya tsuguna a gaba ya daɗe, har na ga ya ciro waya yana ɗaukar hoto. Hoton me? Wa zai nuna wa? A kwanakin nan ɗalibai kowa tsoron kowa yake, ana ta raɗe-raɗin wane ya kai ƙarar wane. Jama'a sun yi yawa ranar, bai samu damar yi mini magana ba, ya sauka da wuri saboda yana da darasi. Da yamma saƙonsa ya shigo wayata, kalmomi kaɗan: anga ka canza, ka kiyaye.

An ga na canza! Wa ya gani, in ba wanda aka nuna wa hoto ba? Ga shi dama na rage gemu, na fara tsallake darasi. Na ce lallai munafukin nan ya kai ni gaba, yanzu kuma yana yi mini barazana da salon nasiha. Ban tambaye shi komai ba, don a ganina tambaya ma ba shi girma ne. Na jira ya fita, na kwashe kayana na koma unguwar Faisal wurin wasu 'yan Nijar. Ya yi ta kira ina kashewa, ƙarshe na toshe lambarsa. Ya aiko wani ɗalibi ya ce in ji tsoron Allah in saurare shi, maganar rai ce. Wannan ma na ɗauke ta barazana. Duk kiran da ya shigo daga gida sai in ce yau ce ranar da za a ce in tattaro in dawo.

Ranar wata Juma'a bayan sallah, muna ɗaukar wasu iyalai da yaransu, sai na hango shi a bakin ruwa yana sauri. Na ce wa mai jirgi yalla mu tafi, amma kafin a cire katakon hawa ya riga ya tsallako. Ya nufo ni, na juya masa ƙeya na shige cikin baƙi ina raba shayi. Da muka kai tsakiya aka kashe inji, na jefa ƙarfena kamar kullum. Lokacin zafi ne, ruwa ya cika yana gudu, ga iska ta taso. Ban ankara ba sai na ga gine-ginen bakin kogi suna wucewa. Ƙarfen bai kama ba, jan laka kawai yake, jirgi kuma ya karkace ya doshi ginshiƙin gada. Mai jirgi ya murɗa inji, ya ƙi tashi. Mata suka fara salati suna rungume yara. Ni na daskare da butar shayi a hannu.

Aminina ne ya yi tsalle ya isa gaba. Ya kwance ragowar igiyar ya sake ta duka don ƙarfen ya kwanta ya nitse a laka. Can ya kama wani abu a ƙasa, igiya ta miƙe da ƙarfi lokacin yana naɗe ta a jikin turke, ta haɗa da hannunsa na dama. Jirgi ya tsaya, saura ƙiris mu daki ginshiƙi. Ihun da ya yi har yau ina jin sa. Yatsunsa biyu ba su dawo ba.

A asibiti, da ya farfaɗo, bai zage ni ba. Tambayata ya yi me ya hana ni canza angar, bayan ya gaya mini. Na ce wace anga? Ya dube ni ya ce ƙarfen jirgi mana, ai sunansa ke nan da Hausa, kowane yaro a garinsu ya sani. Hoton kuma na ƙarfen ne, ya tura wa kawunsa mai jirgi a gida don ya tabbatar kafin ya yi mini magana, kawun ya ce wannan ta kwalekwale ce, ba za ta riƙe jirgi mai mutane ba. Sirrina kuwa bai taɓa gaya wa kowa ba. Na fita baranda na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ina rubuto wannan ne don wanda ke ɓoye wani abu ya sani, tsoron tonuwar asiri yana sa mutum ya ji zargi a inda ake ƙoƙarin cetonsa. In saƙo ya ɗaure maka kai, ka kira ka tambaya kafin ka yanke hukunci. In kuma an ba ka amanar sayen abin da rayuka suka dogara da shi, kada ka auna shi da sauƙin kanka; anga da girman jirgi ake zaɓenta, da irin ƙasan ruwan, kuma da sarƙarta. Ya yafe mini tun a gadon asibiti, ya ce ma'alish, ba komai, haka Allah ya rubuta. Ni ne dai har yau in muka haɗu ya miƙo mini hannu mu gaisa, nake jin gurbin yatsun nan a tafina.