Rijiyar da Ban Rufe Ba

Rijiyar gidanmu a Badarawa ba ta ƙafewa ko da bazara, shi ya sa rabin layinmu a nan suke ɗiba. Wasiyyar mahaifina ce kada in kuskura in hana maƙwabci ruwa.

Ni na fara jin warin. Wata safiya ina alwala, na kurkure baki, sai na ji fetur a harshena. Na leƙa guga, ga maiƙo yana ƙyalli a saman ruwan. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan mai. Tun ranar muka koma shan ruwan leda, na ce wa mai ɗakina na rijiya sai wanki. Amma ƙofa na bar ta a buɗe. Da wane baki zan hana mutane ɗiba? Sai a ce na fara rowar ruwa. Kullum cewa nake gobe zan faɗa.

Har damina ta wuce kafin ma'aikatan muhalli su zo da injin haƙa da kwalabe. Suka ce tankin da ke binne a gidan man ne ya ɓule, yana tsiyaya cikin ƙasa. Ɗayansu ya tambayi mata masu ɗiba yaushe ruwan ya canza.

Wata malamar makaranta, maƙwabciyarmu, ta amsa da goyo a bayanta: "Mukan ji ɗan wari, amma da a ce akwai matsala, ai da Baba mai gidan nan ya faɗa mana."

Ina tsaye a wurin, da ledar ruwa a hannuna.